Haƙƙin Na Kwance da Haƙƙin Wanda Bai Iso Ba

A ranar 7 ga watan Afrilu na shekarar 2020, sa'ad da Gwamnan Katsina na wancan lokaci, Alhaji Aminu Bello Masari, ya shaida wa jama'a cewa cutar korona ta shigo jihar, kuma mutumin farko da aka tabbatar ta kama likita ne mai zaman kansa a birnin Daura, wanda Allah ya riga ya karɓi ransa kafin sakamakon gwajinsa ya dawo, tsoro ya ratsa ƙasar Daura tun daga Baure har Mai'aduwa, domin mutane sun ce a ransu, in har ciwon nan ya kayar da mai ba da magani, to ina ga wanda ake ba? Ba a cika mako guda ba aka sa wa garin dokar kulle, kasuwa ta watse, ga zafin bazara, ga azumi ya ƙarato. Kafin watan ya ƙare kuma labarin mace-macen Kano ya cika ƙasa, waɗanda daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma ana kyautata zaton rabinsu ko fiye korona ce sanadinsu.

Annobar ta kau, alhamdu lillahi, amma ta bar wata mas'ala da masana kiwon lafiya ke saɓani a kanta, wadda nake ganin ya kamata a fito da ita daga ɗakin taron likitoci a kawo ta zaure, tun da jikinmu da na 'ya'yanmu ake magana a kai. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne, amma biyu suka shafe mu a nan. Akwai bakteriya, halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana hayayyafa, kuma tana da jikin da magani zai iya kamawa. Akwai kuma bairos, wanda ba ya hayayyafa sai ya shige cikin ƙwayoyin jikin mutum ya ɓuya. Maganin da ake kira antibayotik, ko kafso ja da baƙi ne, ko ja da rawaya, ko allurar seftiriyazon da ake zuba wa majinyaci ta jijiya, bakteriya kaɗai yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Korona kuwa bairos ce. To duk da haka, a asibitocin duniya, har da namu, mafi yawan waɗanda aka kwantar saboda korona an ba su antibayotik. Shin daidai aka yi, ko kuwa an yi ɓarnar da za mu daɗe muna biya?

Bari mu fara sauraren masu cewa daidai aka yi, domin hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suka ce likita ba ya ganin sunan ciwo a rubuce a goshin majinyaci. Abin da yake gani shi ne dattijon da aka ɗauko cikin dare daga wani ƙauye na Sandamu ko Zango, jiki ya yi zafi zau, yana tari, yana haki, 'ya'yansa sun kewaye gado sun zuba ido. A watan Afrilu a ƙasar Hausa, waɗannan alamomi suna iya zama korona, suna iya zama limoniya ta bakteriya, ko taifot, ko tarin fuka da ya daɗe yana cin mutum, ko farkon sanƙarau, wanda shi ma bazara ce lokacinsa. Gwajin korona a kwanakin nan sai an ɗauki samfuri an kai nesa, a jira kwanaki. Gwajin da ake renon ƙwayar cuta daga jini don a gane ko wace iri ce, da kuma maganin da take ji, yana cin kwana biyu zuwa uku ko a inda kayan aiki suka wadata, balle inda babu su, ko suna nan amma kuɗin ya fi ƙarfin talaka. Idan kuwa bakteriya ta shiga jini, sa'o'i kaɗan ne tsakanin mutum da ajalinsa. Suka ce, wane mai imani ne zai naɗe hannu yana jiran takarda, alhali ga allura a cikin kabad?

Suka ƙara da hujjar tarihi. Annobar mura ta 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, an ƙiyasta ta kashe kusan mutum rabin miliyan a Nijeriya kaɗai. Da masana a Amurka suka koma suka binciki ragowar huhun mamatan wancan zamani da aka adana, suka buga sakamakonsu a 2008, sai suka tarar mafi yawansu limoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su bayan murar ta raunana huhu. Wannan darasi aka karantar da likitoci: bairos yana buɗe ƙofa, bakteriya ta shigo ta yi kisa. Saboda haka wanda ya ga sabuwar cutar huhu a 2020, ya yi ƙiyasi da marisuwa, ya ba da antibayotik don toshe ƙofar, bai yi jahilci ba, ya yi aiki ne da ilmin da ke hannunsa.

Hujjarsu ta uku ita ce mafi nauyi a wurina, domin daga ƙasarmu ta fito. Suka ce kukan yawan shan magani kukan mawadata ne. Mu nan rashinsa ya fi kashe mu. Wanda ya ga sanƙarau na 1996, lokacin da mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu a Arewa, ya san allura ɗaya tak ta kuloramfenikol mai mai ita ce ta tsaya tsakanin dubban yara da kabari, kuma ba a jira gwaji ba kafin a yi ta. Haka nan a jihar Doso ta Nijar, a wani babban bincike da aka buga a 2018, an riƙa raba wa ƙananan yara azitromaisin sau biyu a shekara, masu ciwo da marasa ciwo baki ɗaya, sai mutuwar yara ta ragu da kimanin kashi 18 cikin 100. Suka ce, ƙasar da magani ke ceton rai ko da an ba da shi ido rufe, ai ƙishinsa take yi, kuma ba a yi wa mai ƙishirwa wa'azin rage sha.

Daga nan suka jingina da fiƙihu. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma cutar da ke gabanka, wadda kake gani da idonka, ba a barinta saboda wata cuta da ake zaton aukuwarta nan gaba ga mutumin da ba a sani ba. Bugu da ƙari, in likita ya hana, dangi ba gida za su koma su zauna ba; kemis za su nufa, a ƙirga musu kafso huɗu gwargwadon kuɗin da ke aljihu, wanda ya fi muni.

Ni kam ban taɓa jin wannan hujja ba face na ji zuciyata ta karkata gare ta, domin na san idon mai jinya, na kuma san nauyin da ke kan matashin likitan da aka bar wa ɗaki cike shi kaɗai da dare. Amma adalci ya wajabta a ji ɗaya ɓangaren har ƙarshe.

Masu cewa an yi ɓarna da lissafi suka fara. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da abin da ta tattara daga majinyata kusan 450,000 da aka kwantar saboda korona a ƙasashe 65, tsakanin Janairu 2020 da Maris 2023. Kashi 8 cikin 100 kacal ne suke ɗauke da bakteriyar da ke bukatar antibayotik, amma kimanin kashi 75 aka ba. A yankin Afirka adadin ya kai kashi 83, kuma ko a cikin waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba, kashi 79 sun sha. Hukumar ta ce maganin bai kyautata makomar majinyatan ba, mai yiwuwa ma ya cutar da waɗanda ba su da bakteriyar. Ashe ƙiyasin da aka yi da marisuwa ƙiyasi ne da bai cika sharaɗi ba, domin korona da kanta take lalata huhu, ba kasafai take gayyato bakteriya tun da farko ba.

Suka ce kuma ba dukan abin da aka yi ne ya fito daga ilmi ba. Wani daga ruɗu ya fito. A watan Maris na 2020 wani likita a birnin Marsai na Faransa, Didier Raoult, ya yi shelar cewa haɗin wani ɗan'uwan kulorokwin da azitromaisin yana maganin korona, bisa gwaji a kan mutane ƙalilan. Shugaban Amurka Donald Trump ya ɗauki zancen ya yaɗa, har aka kai mutane asibiti a Legas saboda sun sha kulorokwin fiye da kima. Da Jami'ar Oksfod ta Ingila ta gwada azitromaisin yadda ya kamata, a binciken da ya ƙunshi majinyata fiye da 7,000, sai ta sanar a watan Disamba na 2020 cewa waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba daidai suka mutu. Abin da binciken nan ya samu yana ceton rai, tun watan Yuni na shekarar, shi ne deksametazon, tsohon magani mai araha mai kwantar da kumburi, wanda ya rage mutuwa da sulusi ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da humusi ga waɗanda ke kan iskar oksijin.

To, in maganin bai yi amfani ba, mene ne laifinsa, tun da ana cewa in bai yi magani ba ai ba zai yi cuta ba? A nan ne asalin mas'alar take. Cikin hanjin kowane ɗan Adam, da fatarsa da maƙogwaronsa, akwai bakteriya da ba su ƙirguwa, mafi yawansu zaman lafiya suke da shi, wasu ma hidima suke yi masa. Duk sa'ad da aka sha antibayotik, ko da dalili ko babu, sai ya share masu rauni daga cikinsu, ya bar 'yan ƙalilan da Allah ya hore wa dabarar kauce masa. Su kuwa da sun ga fili ya zama nasu sai su hayayyafa, wata irin tana iya rabuwa biyu cikin minti 20, kuma abin mamaki, suna miƙa wa junansu wannan dabara kamar yadda ake miƙa laya daga hannu zuwa hannu, har ga waɗanda ba jinsinsu ba. Alexander Fleming, wanda ya gano finisilin a 1928, ya yi gargaɗin haka tun a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A wata cibiyar jinyar yara masu tamowa a Maraɗi, binciken da aka buga a 2011 ya nuna kusan sulusin yaran sun shigo ɗauke da bakteriyar hanji mai karya manyan magunguna irin su seftiriyazon, kuma daga cikin waɗanda suka shigo babu ita aka sake gwada su wajen sallama, kusan dukansu sun fita da ita. Asibiti, inda ake tara raunana wuri ɗaya ana zuba musu magani, shi ne makarantar da ƙwayar cuta ke koyon bijirewa, daga nan ta bi majinyaci gida, ta shiga masai, ta shiga ruwan unguwa.

Game da cewa wannan cuta zato ce kawai, suka ce ta riga ta zama yaƙini, sai dai mamatanta ba a rubuta sunanta a kansu. Babban ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a Janairu 2022 ya nuna a 2019 kaɗai, tun kafin korona, mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, babu yankin da ya kai Afirka ta Yamma asara. Rabon Nijeriya a wannan ƙiyasi ya kai wajen mutum 64,500. A Amurka, inda ake ƙidaya komai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce irin waɗannan cututtuka da ake ɗauka a asibiti sun ƙaru da aƙalla kashi 15 cikin 100 a shekarar farko ta annobar. Hatta binciken Doso da aka kafa hujja da shi, masu shi sun koma sun tarar bijirewa ga azitromaisin da danginsa ta ƙaru a jikin yaran garuruwan da aka raba shi. Can dai an sayi rayuka da wannan farashi. A korona kuwa an biya farashin ba a karɓi kaya ba.

Wanda zai biya bashin nan ba ya cikin ɗakin lokacin da ake cin sa. Jariri ne da za a haifa baɗi cibiyarsa ta ruɓe, mai jego ce da zazzaɓi zai kama bayan an yi mata aiki, manomi ne da fartanya za ta sara a ƙafa, a yi masa allurar da aka saba, kwana uku, kwana biyar, ba ta ci ba, a ce wa danginsa sai wani magani da babu shi a Daura, sai Katsina ko Kano, a kuɗin da sai an sayar da gona. Malamanmu na Malikiyya sun ce ko alƙali ya yi hukunci a kan wanda ba ya nan, to a ajiye masa hujjarsa har ya zo. Wannan jariri ga'ibi ne, ba shi da mai tsaya masa a bakin gado sai lamirin likita.

Da na auna hujjojin biyu, abin da ya bayyana gare ni shi ne kowane ɓangare yana da gaskiya a kan wani majinyaci dabam da wani lokaci dabam. Ba da antibayotik kafin a san ciwo kamar taimama ne: rangwame ne ga wanda ya rasa ruwa, kuma wanda ya yi shi a muhallinsa sallarsa ta inganta, babu mai zarginsa. Dattijon nan mai haki, a darensa na farko, a ba shi. A nan masu hujjar farko sun yi rinjaye, kuma ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a watan Mayu na 2020, haka ta ce game da mai tsananin ciwo, tare da sharaɗin a riƙa duba lamarin kullum don a rage ko a tsayar, ta kuma hana a ba mai sauƙin ciwo sai in akwai alamar bakteriya. Amma taimama tana da ƙa'idoji. Mai ruwa a gabansa ba ya yin ta; wanda ya yi ta wajibi ne ya nemi ruwa; kuma a mazhabarmu ba a sallar farilla biyu da taimama ɗaya, sai an sake duba hali an sabunta. Larura gwargwadonta ake auna ta. Uzurin da likita yake da shi a Afrilun 2020, lokacin da duniya duka ke lalube cikin duhu, ya faɗi bayan Disamba, da ilmi ya zo. Uzurin daren farko kuma ya faɗi a rana ta uku, in zazzaɓi ya sauka, ko gwaji ya nuna wani ciwo dabam. Kashi 79 na masu sauƙin ciwo da aka ɗura wa magani, ban sami uzurin da zai rufe su ba.

Wannan rana ta uku ita ce inda muke faɗuwa, kuma na gani da idona. Bayan annobar na yi jinyar wani ƙanena a wani asibiti, tari da zazzaɓi suka kwantar da shi, aka sa masa allurar jijiya tun daren da muka isa, ban kuwa ga laifin haka ba. Kashegari gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi maganinsa, kafin kwana uku ya tashi zaune yana neman koko. Amma allurar nan aka ci gaba da ita, muna saya kullum, har kwana bakwai. Da na tambayi likitan, yaro ne mai ladabi, sa'an ɗana, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in na tsayar, jikin ya rikice, me zan gaya muku? Ba ni da gwajin da zai wanke ni." Ban iya ba shi amsa ba, domin na tuna mu ma dangi, da ya tsayar tun farko, da wani cikinmu ya ce likitan nan bai san aiki ba, ko allura mai ƙarfi bai rubuta ba. Tsoro ne ke rubuta rabin magungunan nan, kuma mu masu jinya muna da kaso a cikin tsoron.

Saboda haka hukuncina bai sauka a kan likita shi kaɗai ba; mafi yawansa a kan waɗanda suka bar shi yana taimama shekara da shekaru ba su haƙa masa rijiya ba yake. Nijeriya ta rubuta shirin yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta na 2017 zuwa 2022, ta sake rubuta na 2024 zuwa 2028. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a Satumban 2024 ta ɗauki alkawarin rage mace-macen da wannan bijirewa ke jawowa da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Alkawarin ba zai isa gadon majinyaci ba sai da abubuwa masu kama hannu: ɗakin gwaje-gwaje da ke iya renon ƙwayar cuta daga jini, da wutar da ba ta ɗaukewa, a farashin da mai sayar da itace zai iya biya, iskar oksijin, wadda ita ce ainihin abin da mai korona ke bukata, ruwa da sabulu a kowane ɗakin jinya, da ƙa'idar cewa duk wanda ya rubuta antibayotik ya rubuta dalili da ranar da za a sake dubawa a jikin katin.

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ja zamaninsa, da hakimansa na Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, su sa baki a wannan magana kamar yadda sarakunan Arewa suka sa baki a rigakafin shan inna har aka ga bayanta, su nemi gwamnati ta wadata asibitocin masarautar da irin wannan gwaji, su kuma tara masu kemis su ja kunnensu game da sayar da kafso ƙwaya-ƙwaya ba takardar likita. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa mura ba ta jin kafso. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, ranar da Allah ya jarrabe ka da jinya, kada ka matsa wa likita ya rubuta allura, in kuwa ya rubuta ya ce a sha kwana kaza, a cika su daidai, amma in kwana uku suka cika, ka je gare shi cikin ladabi ka ce, "Likita, har yanzu akwai bukatar wannan?" Idan ya ce a tsayar, ka yi masa godiya, ka kuma tsaya masa a gaban sauran dangi.